Faifai Uku Daga Arewacinmu, Da Kunnen Da Ya Zaɓe Su

A bakans ɗin da ya wuce, wani dare a fadarmu ta Urno, muna jiran shayi na biyu ya nuna, sai wani abokinmu da ya dawo daga Tawa ya sa mana waƙa a ƴar lasifikarsa ta Bluetooth. Ta fara can ƙasa-ƙasa, kamar rediyon da batir ya kusa ƙare masa, har wani ya ce a ƙara murya. Kafin a kai hannu sai gita ta fashe, ganguna suka biyo ta a guje, mai shayi ya kusa kifar da buta. Aka ce, wane Bature ne wanga? Ya ce ba Bature ba ne, Mdou Moctar ne, ɗan jiharmu ta Tawa. A cikinmu mu takwas, mutum biyu kaɗai suka taɓa jin sunan.

Abin ya tsaya mini a rai. Ga mutumin da jaridun waƙa na Amurka da Ingila ke yi wa kirari da Hendrix na Sahara, wanda ya tashi tsakanin Abalak da Cintabaraden, ƙasar da mutanen Keita ke iyaka da ita suna cin kasuwa tare, amma mu da muke maƙwabtansa sai an gabatar mana da shi. Shi ya sa na nemi sababbin faya-fayai uku na ƴan ƙasarmu da kamfanoni biyu na Amurka suka fitar a 2024 da 2025, na zauna na saurare su da kunnen basira. Biyu na Mdou Moctar ne, ɗaya na Etran de L'Aïr na Agadas. Zan faɗi abin da na ji a kowane, in kuma faɗi abin da ban ji ba a dukansu, don nan ne maganar take.

Su wa ke fitar da su

Kasuwar waƙa ta duniya, mafi yawanta tana hannun manyan kamfanoni uku: Universal, Sony da Warner. Bayan su akwai ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke kafa su don son wani irin kiɗa. Irin wanga kamfani shi ke zaɓen mawaƙi, ya biya kuɗin ɗauka, ya buga faifai, ya aika wa ƴan jarida, ya taimaka a samu wuraren wasa. A taƙaice, kunnen mai kamfanin shi ne ƙofa. Wanda ya yi masa daɗi ya shiga, wanda bai yi ba ya tsaya waje.

Na farko a cikin biyun shi ne Sahel Sounds, na wani Ba'amurke Christopher Kirkley, mazaunin birnin Portland. Ya yi yawo a Muritaniya, Mali da Nijar yana ɗaukar kiɗa, yana kuma kwafar waƙoƙi daga katunan wayoyin mutane, kamar dai yadda muke yi a fada. A 2011 ya fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin wayoyin Sahara. A ciki akwai waƙar Mdou Moctar mai suna Tahoultine. Daga nan ya neme shi har ya same shi, suka yi aiki tare shekaru: faifan Afelan a 2013, fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai a 2015, sai Ilana: The Creator a 2019. Shi ne kuma ya fitar da Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye na ƙasar Abalak da Fatou Seidi Ghali ke jagoranta da gitarta.

Na biyu shi ne Matador, kamfanin kiɗan rok na New York da aka kafa a 1989, wanda ya yi suna da ƙungiyoyi irin su Pavement da Yo La Tengo. Mdou ya koma wurinsu, suka fitar masa da Afrique Victime a 2021. Ku riƙe wannan: Sahel Sounds kamfanin kiɗan Sahel ne, Matador kuwa kamfanin rok ne da ya ɗauki ɗan Sahel. Bambancin yana jiyuwa a kunne.

Faifai na farko: hushi

Funeral for Justice ya fito a watan Mayu na 2024. Ma'anar sunan ita ce jana'izar adalci. Mutum huɗu ne a ƙungiyar: Mdou da gitarsa ta bahago, Ahmoudou Madassane mai gita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai bas, wanda shi ne kuma ya tsara sautin faifan. Waƙar da ta firgita mai shayinmu, Imouhar, a ciki take.

Ba zan rage masa komi ba: faifan yana da ƙarfi. Gangunan Souleymane ba su da hutu, suna ƙara sauri a hankali yadda makaɗin biki ke yi in ya ga fili ya ɗau zafi, har ka rasa lokacin da ƙafarka ta fara motsi. Ahmoudou yana riƙe da zaren kiɗan, ba ya saki, shi ya ba Mdou damar hawa sama ya yi ta wulwula yatsu ya dawo ya tarar da gida a tsaye. Maganar da ke ciki ma ba ta wasa ba ce. Akwai waƙar da ta kira Faransa da sunanta, Oh France, kan abin da mulkin mallaka ya bari. An ɗauki faifan tun kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kafin sojan Faransa su fice a ƙarshen wannan shekara, don haka ba a iya cewa ya bi iska ne. Tun Afrique Victime yake kan wagga magana.

To ina laifin? Laifin shi ne gita ta danne murya. A ƙasarmu waƙa magana ce. Ko Ɗan Anace ne, ko Narambaɗa, ko tsohuwa mai daka, kiɗa yana rusunawa ne in baki zai faɗi abu. A wanga faifai kuwa, sau da yawa muryar tana can baya kamar mai kira daga ƙetaren gulbi, gita ce a gaba. Wani abokin karatunmu Ba'abzine ya fassara mini Imouhar. Kira ce ga Abzinawa su riƙe harshen Tamashek, su rubuta shi, kada ya ɓace a bakin ƴaƴansu. Sai na yi ta tunani: waƙar da ke roƙon mutane kada su yar da harshensu, an tsara sautinta daidai da kunnen waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya a cikin harshen. Saurayin Chicago zai kaɗa kai, ya ce gitar ta kai gita, ya tafi gida. Yaron Abalak da aka yi waƙar dominsa, sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsamo kalmomin daga cikin ƙara.

Kada a ce ina nufin kamfani ne ya tilasta masa. Mdou ya daɗe yana son ƙara, duk wanda ya ga bidiyon wasanninsa na biki a Agadas ya san haka. Amma mawaƙi yana da fuska da yawa, kamfani kuma yana haska wadda masu sayensa za su gane. Matador ya haska fuskar da ta yi kama da rok.

Faifai na biyu: hawaye

Tears of Injustice, wato hawayen zalunci, ya fito a ƙarshen Fabrairu 2025, shi ma daga Matador. Waƙoƙin Funeral for Justice ne aka sake yi da gitar da ba ta lantarki ba, da ɗan kiɗan hannu. Yadda aka yi shi ma labari ne. Juyin mulkin 2023 ya tarar da ƙungiyar a Amurka tana wasanni. Aka rufe iyakoki da sararin sama, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke mana wuta, kowa a nan yana tune da wannan damina. Ƴan Nijar ukun suka maƙale can, ba hanyar gida. A cikin wannan hali suka shiga sitidiyo a Brooklyn suka zauna suka sake waƙoƙin.

Ni dai a wurina wanga ya fi na farko, kuma ba don tausayi ba. Da aka kashe lantarki sai murya ta dawo gaba. Ana jin mai bayarwa, ana jin ƴan amshi, ana jin yatsa na goga tsirkiya. Imouhar da ta kasance tsawa ta koma hira mai tsawo, irin wadda ake yi kan tabarma bayan isha'i, mutum na maimaita magana guda har ta shiga. Waƙar Takoba, sunan da kowane Bahaushe zai ji takobi a cikinsa, ta samu fili ta miƙe ƙafa. Abokina Ba'abzine ya ce a nan bai sha wahalar jin kalmomin ba. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Mu mutanen Madawa, Buza da Keita mun san wanga sauti ko da ba mu jin harshen. Babu gidan da ba shi da wani a Abijan, ko Libiya, ko Legas, ko Aljeriya. Mun san muryar da ke zuwa a saƙon WhatsApp da tsakar dare, mutum na cewa lafiya lau yake alhali kana jin ba lafiya ba. Muryar wanda ya ƙosa da baƙunta ke nan, ita ce a faifan.

Rauninsa shi ne bai kawo sabuwar waƙa ba, kuma wanda ya saurare shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya zai ji wasu wurare sun yi kama da juna. Akwai kuma abin da ya kamata mu lura: an fitar da shi a matsayin ƙanen na farko, kamar ƙari bayan an gama ciniki. Da ni ke da kamfanin, da shi zan sa gaba.

Faifai na uku: biki a ɗaki

Etran de L'Aïr, taurarin Abzin ke nan, orkes ce ta dangi, ƴan uwa da ƴaƴan baffanni, da aka kafa a Agadas a 1995. Sana'arsu bikin aure da suna. Sahel Sounds ya fitar musu da No. 1 a 2018, sannan Agadez a 2022, sai 100% Sahara Guitar a Satumba 2024.

Su ba su zo da wa'azi ba, rawa suka kawo. Gitocinsu suna shiga juna kamar saƙar tabarma, wannan ya ɗauko, wancan ya amsa, ba wanda ke neman ya fi wani fitowa. In Mdou jarumi ne shi kaɗai a gaban fage, Etran gayya ce. Kana jin Agadas a matsayin mahaɗar hanyoyi: ga na Abzinawa, ga wani tsalle mai kama da kiɗan Hausa, ga wani zaƙi da ke tuna maka gitar Kwango. A cikin ukun, shi ne wanda za ka sa a bikin ƙanwarka a Buza tsofaffi su tashi ba tare da an yi musu bayani ba.

Amma ku je ku saurari No. 1 ku dawo. An ɗauke shi a waje, a fili, ana jin jama'a, ana jin lasifikar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta. Sabon kuwa a sitidiyo aka yi shi a Amurka. Komi ya fito tsaf, kowace tsirkiya da wurinta, bas ya samu nauyi. An ci riba wajen tsabta, an yi asara wajen ƙura. Kiɗan biki rabinsa na makaɗa ne, rabi na masu rawa da masu guɗa da yaran da ke kutsawa. In ka cire su, ya zama kamar fura ba nono: tana ƙosarwa, amma ka san da abin da babu. Sunan faifan ma ya ɗan tsaya mini, da Turancinsa da ɗari bisa ɗarinsa, kamar tambarin da ake bugawa a buhu don mai saye na nesa ya tabbata ba a yi masa algus ba.

Zaren da ya tsinke

Yanzu ga abin da ban ji ba a duka ukun. Faifan Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Muryarsa an bi ta da na'urar nan mai lanƙwasa murya da muka sani a waƙoƙin finafinan Hausa, kiɗan kuma na kwamfuta ne. Tamashek a baki, Kano da Sakkwato a sauti. Wannan gauraye shi ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya kai Mali ya faɗa hannun Kirkley. Ma'ana, abin da ya fara sa mutanen Sahel son Mdou, da hannun Hausa a ciki. Da ya fita duniya sai aka bar wannan a baya, aka riƙe gita.

Adalci ya sa in ce Sahel Sounds bai rufe kunne ga sauran ba. Ya sake buga Anar a 2014. A 2013 ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na arewacin Najeriya. Ya tono kaset ɗin Mamman Sani mai organ na Yamai, wanda aka ɗauka a 1978, ya sake fitar da shi. Ya fitar da Hama, shi ma na Yamai, mai kiɗan madannai. Wani kamfani mai zaman kansa na Ingila, FatCat, ya fitar da Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Amma ku duba wa ke samun manyan wuraren wasa a Turai da Amurka shekara bayan shekara: mai gita da rawani. Masu saye can sun riga sun yi wa kiɗan suna, desert blues, sun haɗa shi da hoton raƙumi da tudun yashi. Abin da ya shiga hoton ya wuce, wanda bai shiga ba ya tsaya a tasha.

Mu ba mu shiga hoton ba. Ƙasarmu ta duwatsu ce da fadamun albasa da gonakin hatsi. Kiɗanmu gurmi ne, da kalangu, da goge, da ƙwarya ta mata, da gangar ƴan kokowa. Matasanmu kuma Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Nura M Inuwa suke ji, waɗanda miliyoyi ke saurara ba tare da wata jaridar New York ta san da su ba. Ba zargin Abzinawa nike ba, Allah ya ƙara musu, sun sha wuya kafin su kai nan. Mdou da wayar birkin keke ya ɗaura gitarsa ta farko, a gidan da ba a son kiɗa. Tambayata ita ce: in kunnen Portland da na New York ne kaɗai ke zaɓen abin da duniya za ta kira kiɗan Nijar, mi ya rage mana mu ce?

Namu laifin

Kafin mu nuna yatsa, mu dubi wayoyinmu. Faya-fayan nan uku, ni kaina ban biya ko dala ba. Ta Xender suka zo mini, kamar kowa. Kuɗin faifai guda na roba ya haura jikka goma kafin a yi maganar aikowa, babu kuma mai na'urar juya shi a Urno, saye ta intanet kuma sai da katin banki. Duk gaskiya ne. Amma sakamakon shi ne wanda ya biya shi ke da baki. Mawaƙi yana da iyali. In Bature ne ke sayen tikiti da faifai, kunnen Bature za a bi. Mu masu kwafa kyauta, sai abin da aka dafa aka miƙo mana.

Na biyu, ba mu rubutu. Duk sharhin da na samu kan faya-fayan nan da Turanci ne ko Faransanci. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ina sharhin waƙa da Hausa? Mukan ce waƙa ta yi ko ba ta yi ba, mu wuce. Ba mu cewa don mi. Akwai gasar waƙa ta ƙasa da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa. A cikinmu masu karanta wanga ɗan littafi, mutum nawa ne zai iya zama ya bayyana wa ƙanensa abin da ya sa Ɗan Gurmu ya zama Ɗan Gurmu?

Akwai darasi guda da Sahel Sounds ya bayar wanda ya fi faya-fayan amfani gare mu. A 2020, shekarar korona, ya yi jerin Music from Saharan WhatsApp. Kowane wata wata ƙungiya takan ɗauki waƙoƙi da wayar hannu, ta aika ta WhatsApp, a sa a dandalin Bandcamp, kuɗin da aka samu ya koma ga makaɗan. Etran de L'Aïr na cikin waɗanda suka yi. Ba sitidiyo, ba jirgi, waya ce irin wadda ke aljihunka.

To mi ya hana mu? A kowace ranar kasuwa tsakanin Madawa da Keita akwai makaɗin da in ya mutu waƙoƙinsa sun bi shi. Ɗalibi biyu da waya mai caji sun isa. A nemi izininsa da ladabi, a ce Baba ga abin da muke so. A zaɓi wurin da ba iska. A rubuta sunansa, garinsa, ranar da aka ɗauka, sunan kowace waƙa da dalilin yin ta. A yi magana kan kuɗi tun farko, gaban shaidu, ko da kuɗin ba su zo ba tukuna. A ba shi kwafinsa. In an tara goma, an fara kamfani ke nan, ko da ba shi da ofis.

In kuna tambayar wane za ku fara saurara, ku fara da Tears of Injustice da dare, ku kaɗai. Ku ajiye 100% Sahara Guitar don ranar taro. Funeral for Justice kuma ku sa shi ranar da hushi ya cika muku ciki, amma ku nemi wanda ke jin Tamashek ya zauna kusa da ku. In kun gama, wanda bai yarda da ni ba ya ɗauki biro ya rubuto amsa, a buga ta a fitowa ta gaba. Kuɗin fotokofi dai karo-karo ne, kamar kullum.